Gonar Bakin Fadama da Sunan da Ba Ma Faɗa

Ni ba mai fita ba ce. Ko kasuwar Ɗanbatta da ake ta zuzutawa, in kun gan ni a cikinta to biki ne ya matso, kuma janye ni aka yi. Tsakar gidana ta ishe ni. Karatu ma ban yi nisa ba, na yi allo, na ɗan taɓa firamare, ina iya haɗa baƙi in ba a tsaya a kaina ana jira ba. Amma Allah ya ba ni kunne. Ina zaune ina tsince shinkafa zan gaya muku wanda ya shigo zaure daga jan takalminsa, kuma katangar da ta raba mu da gidan ƙanin Malam, maigidana, ba ta kai tsawon mutum ba. Ba laɓe nake yi ba, magana ce take tsallakowa ta same ni a inda nake.

Ina da gona guda ɗaya a duniya, wadda na gada daga mahaifina. Tana bakin fadama, ba ta da faɗi, don a wajenmu ko'ina mutum ya juya gidan wani ne ko gonar wani, har iyaka ma gamba ce siririya ake bari. Amma ƙasarta baƙa ce mai riƙe laima, gero ya yi da damina, albasa ta yi da rani. Ɗan farina ne yake noma mini ita, har ya koma Rijiyar Zaki ya buɗe shagon ɗinki, sai ƙarshen mako yake leƙo mu. Da na ga za ta zauna haka, sai na ba ɗan ƙanin Malam aro. Shi awo yake yi a kasuwa, yana nan gari kullum. Aro na ce, a gaban Malam da uban yaron, ban ce kyauta ba.

Sai na yi muku bayanin wani abu game da gidanmu, in ba haka ba ba za ku gane yadda aka yi ba. Mahaifin Malam, Allah ya jiƙansa, ya bar 'ya'ya maza huɗu, kuma kowannensu da ya sami ɗa namiji na fari sai ya mayar masa da sunan tsohon. Ga shi a makaranta malamai sun liƙa wa kowa sunan garinmu a baya. Saboda haka a katin shaida mutum huɗu ne da suna ɗaya tak, gaba da baya. A gida wannan bai taɓa damun kowa ba, don ba mai faɗin sunan. Malam ba zai faɗa ba, sunan ubansa ne. Ni ba zan faɗa ba, sunan surukina ne, kuma na ɗan farina. Matansu ba za su faɗa ba. Sai dai a ce tela, ko mai awo, ko direba, ko malamin Islamiyya, kowa ya san wanda ake nufi.

Matar telan nawa a gidana take zaune. Yarinya ce mai hankali, ta gama sakandare, ta yi wani kwas na kwamfuta a birni. Ina son ta, kada wani ya ce ba na son ta. Sai dai 'yar ƙanwar faccalata ce, ita faccalar kuwa matar ƙanin Malam ce, uwar mai awo. Faccalar ce ma ta haɗa auren. A lokacin na ga abin alheri ne, zumunci ya ƙara ƙulluwa.

Da bazarar bara ƙungiyar manoman garinmu ta ce za a rubuta kowace gona da mai ita, don a riƙa ba da iri da taki daidai da gonakin mutum. Suka ɗauki surukar tawa aikin, saboda ita mace ce, tana iya shiga kowane gida. Suka ba ta wata babbar waya mai faɗin faranti. Wata rana da hantsi ina bakin murhu ta jawo kujera ta zauna kusa da ni.

"Inna, saura taki. Gonar bakin fadama sunan wa za a sa?"

"Ba za a sa nawa ba?"

"Sai 'yan ƙungiya, Inna. In kina so sai ki je a ɗauke ki hoto, ki kawo kati."

"Hoto? A'a, rufa mini asiri. Sa mijinki. Suna ne kawai, gona dai tawa ce."

Fom ɗin yana da wani ɗan akwati a sama. Tana taɓa shi sai sunayen 'yan ƙungiya suka zubo ƙasa, dogon jeri. Ta yi ta ja da yatsa, sai ta tsaya. Na leƙa. Ko ni da karatuna bai taka kara ya karya ba na ga layi huɗu iri ɗaya, ɗaya a kan ɗaya, babu abin da ya bambanta su.

"To wanne ne shi?"

"Na farkon ne, Inna. Shi ya riga su yin rajista."

"Karanta mini in ji."

Ta ja mayafi ta rufe baki tana dariya. "Haba Inna, a gabanki?"

Ni ma na yi dariya. Gaskiya da ta buɗe baki ta faɗa, da na ji haushi. Ta taɓa na farkon, akwatin ya rufe, ta wuce tambayar abin da ake shukawa. Na koma kan miyata.

Ba a jima ba, wata rana bayan azahar ina shanya, sai na ji faccalata tana magana da matar ɗanta a bayan katanga. Ita faccalar murya gare ta kamar mai tallan fura, to ranar sai na ji ta sauke ta. Ai ba abin da yake sa in kasa kunne kamar mai ƙara ya koma raɗa.

"Saƙo ya shigo masa, wai ya je ya karɓi iri na gona biyu."

"Biyu? Da wacce?"

"Da ta fadama mana. An sa masa ita."

"To ita ta sani?"

"Ke, yi a hankali, tana shanya."

Na tsaya da zani a hannu har ruwansa ya ɗiga mini a ƙafa. An sa masa ita. Wa ya sa? Mutum ɗaya na sani da yatsansa ya taɓa akwatin nan.

Wani zai ce mene ne abin tayar da hankali a kan rubutun waya. To ni na ji labarin da ya faru a wani ƙauye kusa da mu, mai kitso ce ta kawo mini shi da zafinsa. 'Yan uwa biyu suka yi rigimar gona, aka je gaban dagaci, dattawan da suka san asalin maganar duk sun rasu, sai ɗaya ya fito da waya ya nuna cewa shi aka rubuta, shi yake karɓar taki a kanta, shi yake nomawa. Aka bar masa. Mu a wajenmu aro haka yake cinye gona, a hankali. Shekara ta bi shekara, shaidu su mutu, yaran da suka taso su buɗe ido su ga wane ne a ciki. Da can ma haka ne, balle yanzu an sami abin nunawa.

Ban ce wa yarinyar komai ba. Na sa mata ido. Abubuwan da da ban damu da su ba duk suka fara yi mini wani iri. Ta ɗauki kwanon tuwo ta kai wa innarta, wato faccalar, sai in ga ta daɗe. Ina jin su suna dariya, in na yi tari sai dariyar ta tsaya, ko kuwa ni ce nake jin ta tsaya. Wayarta ta yi ƙara ta shiga ɗaki ta amsa, in ce da wa take magana da ba za ta yi a tsakar gida ba, alhali na san da mijinta ma ba ta magana a gabana. Ta gaishe ni da safe da fara'a, in ce fara'ar ta yi yawa. Washegari ta gaishe ni a gajiye, in ce ta fara nuna hali.

Sai kuma ga amalanke. Kullum da sassafe ina jin ƙarar jarkoki suna karo da juna, ana tura su ta bayan gidanmu, hanyar fadama. An cire albasa tuni, ruwan sama bai sauka ba, me ake ba ruwa? Na tambayi mai kawo mana nono, ita ta nan take biyowa.

"Ai mai awo ne ya dasa mangwaro, Inna. 'Yan ƙanana, ya kewaye su da ƙaya. Masu aure ne ma, masu tsada."

"A wace gonar?"

"Taki mana. Ashe ba ki sani ba?"

Na ce mata na sani, na manta ne. Na biya ta ta tafi. Ko yaron goye a garinmu ya san mai aro ba ya dasa itace. Gero za ka shuka, ka girbe, ka fita. Wanda ya dasa mangwaro ya yi niyyar zama a inuwarsa.

Da Malam ya dawo daga masallaci na kai masa abinci, na zauna, na zayyana masa komai tun daga akwatin har jarkoki. Ya gama ci, ya wanke hannu.

"Ke dai kunnenki ya yi miki yawa. Yaron nan ɗanki ne. In an yi kuskure a gyara."

"Mangwaron ma kuskure ne? Faɗowa ya yi daga aljihunsa ya tsiro da ƙaya a kewaye?"

"Zan yi wa ubansa magana."

Na san irin maganar. Malam ba ya iya kallon idon ƙaninsa ya ce masa ka yi ba daidai ba, tun suna yara shi yake ɗaukar masa duka.

Shi ƙanin kuwa da kansa ya shigo gaishe ni ranar Juma'a, ya sha babbar riga. Tsakanina da shi wasa ne tun ina amarya.

"Uwargida ran gida, an ƙi fitowa a ga duniya."

"Duniyar ai tana shigowa har ɗaki ta same ni. Ga ka nan."

"Me za a ba baƙo?"

"Mangwaro nake jira ya nuna in ba ka. Na ji an ce ina da lambu."

Ya yi wata dariya, ya gyara hula. "Ke da ko hanyar gonar kin manta? In aka sake ki a bakin titi sai an yi cigiya."

"Hanya na manta, ban manta mai ita ba."

"Yara ne da zumuɗi, Yaya. Kada ki sa a ranki."

Ya tashi bai sha ruwan da na kawo ba. Na bi takunsa da kunne har ƙofar gidansa, ban ji ya tsaya gaisawa da mutanen da ke zaune a dakali ba, shi da ba ya wuce kowa.

Ranar na yanke shawara. Da surukar ta dawo daga zagayenta, na bar ta ta yi salla ta ci abinci, sannan na kira ta rumfa.

"'Yar nan, ɗauko mini farantin naki."

Ta kawo. Na ce ta buɗe gonata. Ta buɗe, ga sunan nan a cikin akwatin.

"Wannan wane ne a cikinsu?"

"Shi ne mana, Inna."

"Ta yaya kika sani?"

 Na gaya mata abin da na ji a bayan katanga, ban ƙara ba ban rage ba, ina kallon fuskarta. Na so in ga ko za ta firgita irin ta wanda aka kama, ko irin ta wanda bai sani ba. Wallahi ban iya bambancewa ba. Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da kwamfutar ƙungiya, ta ɗora a kan turmi da ta kifa.

Nan ta nuna mini abin da ke bayan fom ɗin. Ashe wani ƙaton shafi ne mai gida-gida. Kowane mutum yana da layinsa a kwance, sannan ga layuka a tsaye, wannan na suna, wannan na sunan uba, wannan na lambar waya, wannan na sana'a, har can gefe inda sai an ja. Ta ce shi akwatin ba ya da wayo, layin tsayen da aka ce ya nuna shi yake nunawa, sauran yana riƙe da su amma ba ya fito da su. An ce masa ya nuna suna, shi ke nan.

"Wa ya ce masa?"

"Sakataren ƙungiya ne ya tsara. Ya ce wayar ba ta da faɗi, in aka cika abubuwa rubutun zai ƙanƙance."

"Ke ba za ki iya ce masa ya ƙara ba?"

"Zan iya. Wanne za a ƙara? Sunan uba?"

"In kin ƙara, za ki karanta mini?"

Ta sunkuyar da kai. Sunan Malam ne da na ƙannensa, ba za ta faɗa ba. Ta ce ai zan iya dubawa da idona. Na ce mata ni idona a kan boko ba shaida ba ne, ina iya ganin abin da aka ce mini in gani. Abin da ban ji da kunnena ba ban yarda da shi ba.

"To a sa sana'a," in ji ni. "Tela dai kya iya faɗa."

Ta shiga wani wuri ta yi 'yan taɓe-taɓe, ta koma fom ɗin ta taɓa akwatin. Yanzu kowane suna ya zubo da wata kalma a gefensa. Ta ja zuwa wajen huɗun nan, sai ta saki wata gajeriyar dariya da ba ta daɗi ba.

"Manomi. Manomi. Manomi. Manomi."

"Har direban?"

"Har shi. An ce musu duk wanda ya rubuta wata sana'a ba zai sami iri ba."

Lambar waya ba ta amfane ni ba, ni ban haddace ta kowa ba, kira yake shigowa in amsa. Ita ta san ta mijinta, amma a lokacin abin da ita kaɗai ta sani bai ishe ni ba, kuma ta gane hakan, don ba ta ko kawo maganar ba. Ta ci gaba da jan shafin gefe, tana jan shi, har ta kai wani layi can ƙarshe. Ta ce wannan na wanda za a nema ne in ba a sami mutum ba, yawanci matansu suka rubuta.

Ta cire sana'a, ta sa wannan. Ta taɓa akwatin.

"Karanta," na ce.

Ta karanta na farko, wanda ta zaɓa ranar nan. Sunan matar mai awo ne, wadda na ji muryarta a bayan katanga. Na biyu matar direba. A na uku ta faɗi sunanta da bakinta.

"Innalillahi. Inna, wallahi da na fara aikin nan ɗanki ne a sama."

"To wa ya sauko da shi?"

"Duk wanda ya buɗe shafin yana iya jera shi yadda ya ga dama. In aka jera ta unguwa ko ta waya sai su juya, kuma a akwatin ba za a gane ba."

"Su wa suke buɗewa?"

"Sakatare. Da shugaba." Ta ɗan tsaya. "Da ni."

Ta ƙara kanta a lissafin ba tare da na tambaya ba, wannan na riƙe mata shi. Amma kuma sakataren nan a dakali ɗaya yake zama da ƙanin Malam kullum bayan la'asar, wannan ma na riƙe.

Na ce ta gyara yanzu. Ta ce ba za ta iya ita kaɗai ba, tunda mai awo ya riga ya karɓi iri a kan gonar, sai shugaba ya yarda. Na ce to shugaban ya zo. Na aika wa ɗana a Rijiyar Zaki, ta bakin matarsa, cewa ya rufe shago ya taho.

A zaurenmu aka zauna, Malam da ƙaninsa, da shugaba, da sakatare, da yaran biyu masu suna ɗaya. Ni da surukar muna daga ciki, bakin ƙofa, ta miƙa musu wayar. Shugaba dattijo ne mai sanyin magana, ya duba, ya ce lalle an yi kuskure, kuma ba a gidan nan kaɗai ba mai yiwuwa, don garin cike yake da masu sunan kakanni. Sakatare ya ce shi ya jera shafin ta unguwa don rabon iri ya yi sauƙi, bai san zai taɓa komai ba. Ya faɗi haka da sauri, kamar ya taho da amsar a aljihu.

Mai awo ya ce, "Ni da saƙo ya zo na ɗauka Inna ce ta ce a sa ni, tunda ni nake nomawa."

Na ɗaga murya daga inda nake. "Da ka ɗauka na ba ka, me ya hana ka zagayo ka ce na gode? Nisa ne?"

 Na ji wani ya gyara zama a kan tabarma, ƙanin Malam ne, gwiwarsa tana ƙara.

"Mangwaron fa?" na ce.

"Don jikokinki na dasa, Inna."

"Allah ya yi albarka. Jikokin nawa suna da baki, ni ma ina da shi. Da ka tambaya."

 Ɗana kuwa, shi da mai awo tare aka yi musu kaciya, tare suka yi kiwo, na san abin ya yi masa nauyi.

Sai rigima ta koma wani wajen da ban zata ba. Ƙanin Malam ya karɓi wayar ya taɓa akwatin, ya ga sunayen mata sun zubo a gefen na maza.

"Wannan kuma fa? Sunan matan mutane ne za a riƙa yawo da shi a gindin bishiya, kowa yana leƙawa?"

Sakatare ya ce shi ya sa tun farko ya bar suna kaɗai. Malam ma ya ce wannan kam bai dace ba. Aka yi ta ja. Wani ya ce a sa sunan uba, surukata ta ce daga bayan ƙofa, a hankali, matan da take shiga wajensu ba za su faɗi sunan surukansu ba, ita ma ba za ta karanta musu ba, haka za a koma nuni da yatsa. Ƙarshe shugaba ya raba. Ya ce a yi fom biyu. Wanda maza za su riƙa cikawa a waje ya nuna suna da sunan uba. Wanda take shiga da shi cikin gidaje ya nuna suna da sunan matar gida, kuma ba ya fita daga hannunta. Ya ce ta koma duk gidan da ke da masu suna ɗaya ta sake tambaya.

A nan take ta mayar da gonata layi na uku. Na sa ta karanta abin da ke gefensa da ƙarfi, maza suna ji, ta faɗi sunanta. Ƙanin Malam ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, na ji shi.

Maganar aro kuwa, na ce tunda mai awo ya riga ya zuba taki, ya noma daminar nan ya kwashe, ba zan ci guminsa ba. Daga nan na karɓi abata. Mangwaro kuma ya tone su tun suna ƙanana ya kai gonar ubansa. Malam ya ce a bar itatuwan mana, ai amfanin kowa ne. Na ce a'a. Ya san in na ce a'a da wannan muryar an gama.

Bayan kwana biyu muna tankaɗe ni da ita, ba kowa a gidan, na kasa riƙewa.

"'Yar nan, ranar da kika taɓa na farkon nan, kin san ko wane ne?"

Ba ta ɗago ba. "Inna, in na ce ban sani ba, za ki yarda?"

Na yi tunani sosai, don ba na son in yi mata ƙarya. "Ban sani ba," na ce.

"To ni ma ba ni da abin da zan ƙara."

Ta ci gaba da tankaɗe, ni ma na ci gaba. Da yamma ta dama mini kunun tsamiya yadda nake so, na sha, na sa mata albarka, kuma da gaske nake.

Mai awo ya tone mangwaron kafin ruwa ya sauka, mai nono ta ce ramukan suna nan a buɗe bai cike ba. Ya girbe geronsa ya fita. Tela ba shi da lokacin noma, don haka bana 'yan ƙwadago na sa suka shuka mini gyaɗa, kuma ba su yi mata noma na biyu a kan kari ba, ciyawa ta ci rabinta. Abin da aka kawo mini bai kai abin da mai awo yake samu ba, ko kusa. Na sa aka zube shi a tsakar gida, na zauna na ɓare abata.